Sai Na Gama Bargon Ƙyallaye

Ba da wata manufa na fara shi ba. Cikina ya shiga wata na bakwai, ƙafafuna sun kumbura har takalmi ya daina shiga, ga zafin bazara ya hana ni barcin rana. Ba ni da kowa a Malbaza sai maigidana, shi kuwa da sassafe yake fita wurin aikinsa a masana'antar siminti, ba ya dawowa sai bayan la'asar, fari fat har gashin ido. Wuni nake yi ina jin kamiyoyi, manyan motocin kaya, suna wucewa bisa gudro, wato kwalta, ina juyi a tabarma ina neman gefen da bayana zai yarda da shi.

Haya muke yi a gidan wata dattijuwa mai ɗinki. Ba mu haɗa dangi ba, amma Gwaggo nake ce mata, ita kuma ta ce mini ɗiyata. Kekenta na ƙafa yana cikin rumfa, tsakanin ɗakinta da namu, kuma duk abin da almakashi ya zubar tana tara shi a buhu don cusa matashin kai. Wata rana na zauna kusa da buhun, don nan ne kawai iska ke ɗan ratsawa, na sa hannu ina jujjuya ƙyallayen. Atamfa, shadda, leshi, ragowar ankon bukukuwan mutanen da ban sani ba. A kolej an taɓa koya mana ɗinkin hannu, lokacin ban kula da shi ba. Kuma na taɓa ganin wata mata a waya tana haɗa ƙananan ƙyallaye masu kusurwa huɗu har su zama bargo. Sai na yanke kwalin sukari daidai tafin hannuna ya zama ma'aunina, na roƙi Gwaggo allura da zare.

"Ɗiyata," in ji ta, ba ta ko tsayar da keken ba, "wanga zafi da kaji ke yawo baki buɗe, ke bargo za ki ɗinka?"

"Sanyi na nan tafe, Gwaggo."

"Yana nan tafe kam. Bargon na wa?"

Na sunkuyar da kai. Ta yi dariya ta ci gaba da taka kekenta. Cikin fari ne, ba a maganarsa. Ko da ya yi girman da sai na dafa bango nake tashi, a gaban manya yi nake kamar babu shi, su ma su yi kamar ba su gani ba.

Aikin ya karɓe ni. In ɗora kwalin bisa ƙyalle, in zana da guntun sabulu, in yanka. Na ware shuɗaye gefe ɗaya, masu ruwan ɗorawa gefe ɗaya, ina jera su a tabarma ina canza musu wuri har sai idona ya kwanta. Muddin allura na shiga tana fita, kaina ba ya zuwa inda ba na so ya je. Wannan ne kawai abin da nake nema a wurinsa da farko.

A wajenmu mai cikin fari ba ta haihuwa a ɗakin miji. Da ciki ya kai wata bakwai sai ta koma gidan iyayenta goyon ciki. Can za ta haihu, can za a yi mata wankan jego, sai ta yi arba'in ta dawo. Garinmu yana bayan Tajaye, kuma tsakaninsa da hanyar mota akwai ƙorama. Da rani yashi ne kawai, awaki na kwance a ciki. Da damina, in an yi ruwa a tudu, takan kawo har wuyan namiji, sai a zauna a jira ta janye.

Na san yadda ake jiranta. Bara, kafin aurena, taubashiyata ta zo gida goyon ciki. Ɗiyar kawuna ce, tare kakarmu ta raine mu, tabarma ɗaya, kwano ɗaya, kullum muna gardamar wace ce baiwar wata. Naƙuda ta kama ta tsakiyar damina. Ta wuni ta kwana bisa gwiwa, abin bai zo ba. Da gari ya waye aka ce a kai ta asibiti, aka kira mai mota ta waya, aka shimfiɗa ta a amalanken shanu. Ni na riƙe kanta a cinyata, Innata, wato mahaifiyata, ta riƙe ƙafafunta. Da asuba an yi ruwa mai yawa. Da muka iso bakin ƙoramar da hantsi, ta cika tana gudu, ja wur, tana jan rassan itace. Motar tana can ƙetare. Muna ganin direban tsaye, hannuwansa a ƙugu, shi ma yana ganinmu.

"Baiwata," ta ce mini, "riƙe ni da kyau mana. Ko aikin ga ma ba ki iya ba?"

Na ce mata ita ce baiwa, ta yi shiru ta bar ni in ji da nauyin kanta. Ta ɗan yi murmushi. Daga baya ta daina magana. Ruwan bai janye ba sai bayan la'asar, lokacin ba mu da sauran abin da za mu ƙetarar. Aka juya shanun.

Tun daga ranar, in hadari ya haɗu, hannuwana rawa suke yi. Ba na kuka, ba na cewa komai, hannuwan ne kawai. Lissafin watannina kuwa ya nuna tsakiyar damina zan haihu, kuma daga gidan Gwaggo zuwa matarnite, asibitin haihuwa, tafiyar ƙafa ce, bisa gudro, babu ruwan da ke yanke ta.

Saƙon farko ya zo ta bakin matan garinmu masu zuwa kasuwa. Inna ta ce an share ɗaki, ana jira. Na ba su ruwa, na tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, sannan na ji bakina yana cewa, "Ku ce mata ina wani ɗan aiki. Da na gama ina tafe." Suka dubi ƙyallayen da ke cinyata, suka ce Allah ya taimaka.

Ba zan iya aika musu gaskiyar ba. In na ce ba ni zuwa don ina tsoro, kamar na ce mutanen gidanmu ne suka kashe ta, kamar na nuna matar kawuna da yatsa, ita da har yau ba ta koma cin abinci sosai ba. Kuma za a ce ina yi wa kaina mugun baki. Mata nawa suka haihu a garin lafiya, har da wadda ta haife ni? Maigidana kaɗai na gaya wa, wata la'asar yana wanke ƙurar siminti daga kansa a bakin randa.

Ya daɗe yana zuba ruwa kafin ya amsa. "To ni mi zan ce wa surukaina? In ce na hana ɗiyarsu zuwa gidan ubanta? Da wane baki?"

"Ban ce ka ce komi ba."

"Allah na nan, a can da nan duka."

"Na sani."

Ya ci gaba da wanke kansa. Amma ranar hutunsa ya tafi Konni, ya dawo da leda cike da ƙyallaye da ya roƙo wurin telolin kasuwa, ya ajiye kusa da ni kamar wanda ya ajiye cefane, ya wuce ɗaki.

Bargon ya kai girman da na yi niyya tun ruwan farko bai sauka ba. Na ninka tsohon gidan sauro na sa a tsakiya don ya yi laushi, na yi masa baya da tsohon zanena, na bi shi da ɗinki layi layi don kada cikin ya tattare. Sannan na naɗe bakinsa na yi masa kalmasa, a hankali, ƙananan ɗinki kamar yadda aka koya mana. Ya yi kyau. Gwaggo ta ɗaga shi ta juya, ta ce ashe kuɗin lakwal, wato makarantar boko, bai tafi a banza ba. Na ce a raina shi ke nan, jibi in bi motar kasuwa. Har na fara haɗa kaya a jaka.

Washegari da azahar gabas ta yi baƙi. Iska ta taso tana kaɗa kwanon rufi. Ina tsaye da zane a hannu zan sa a jaka, sai na ga zanen yana karkarwa. Na zauna. Da ruwan ya ɗauke, na jawo ledar Konni, na ɗauki kwalina na fara yanka. Ban warware kalmasar ba, na ji tausayin aikin da na yi mata. A bisanta na ɗora sabon layi. Wurin ya yi kauri, allura ta ƙi shiga, sai da na nemo marfin kwalba ina tura ta da shi.

"Ba kin gama ba?" in ji Gwaggo.

"Ya yi ƙarami."

"Ƙarami. To, Allah ya kawo mai cika shi."

Haka muka shiga damina. Ba wai na zauna na shirya yaudarar kowa ba ne. Kowane karo da gaske nake yi. In ƙara layuka ta kowane gefe, in nemo abin da zan sa a tsakiya da abin baya, in ce wannan ne na ƙarshe, in yi kalmasa, in dubi jakata. Sai hadari ya haɗu, ko saƙo ya zo, in koma ga buhun. Malamar awo a matarnite ta danna ƙafata da yatsa, wurin ya lotsa bai taso ba. Ta ce, "Haihuwar fari ce, kuma ban son kumburin nan. Kar ki yi nisa da mu." Na ce to. Na dawo da maganar gida ban san wanda zan ba ba.

Na gaji, gajiyar da barci ba ya maganinta. Yatsuna sun kumbura har zobe ya nutse, da safe sai na jiƙa su a ruwan ɗumi kafin su yarda su kama allura. Ƙwannafi ya hana ni cin tuwo. Zama bisa tabarma ya gagara, na koma bisa turmi da aka kifa, bargon ya rufe mini ƙafafu cikin wannan zufa ta damina. Na daina zaɓen launi. Duk abin da hannuna ya kamo shi nake ɗorawa: kakin ƴan lakwal, guntun labule, aljihun wandon wani, baƙin yadi kusa da ja. Tsakiyar bargon kamar aikin mai hankali, gefensa kamar shara. Ba na ma son ganinsa. Da na buɗe ido da safe in gan shi jibge a kusurwa, sai in ji kamar wani ne ya zo karɓar aiki.

Maigidana ya tsallake shi wata rana zai shiga ɗaki, ya tsaya ya dube shi. "In kin gama ki ba mu aro," ya ce. "Akwai kamiyon da tamfol ɗinsa ya yage."

Na so in yi dariya, ban samu ƙarfinta ba.

Cikin wata na tara Inna ta zo da kanta. Ina rumfa na ji sallamarta. Zanenta jiƙe yake har gwiwa, da jan laka a ƙafafunta. Ta ƙetaro ƙoramar da ƙafa ke nan, ruwan yana ƙasa.

Ni ce ƴar farinta. Ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta kallona ido cikin ido, kuma in tana da magana da ni sai ta nemi wanda za ta gaya wa ina ji. In babu kowa, ta gaya wa bango. Ba ƙiyayya ba ce, kunya ce, haka ita ma uwarta ta yi wa ɗanta na fari. Na durƙusa iyakar yadda cikin ya bari na gaishe ta, ta amsa tana duban keken ɗinki. Ɗakinmu kuwa ko bakin ƙofarsa ba ta kalla ba, ɗakin suruki ne. A tabarmar Gwaggo ta zauna.

Bayan sun gama gaisuwa, ta sha ruwa, ta ce wa Gwaggo, "Hajiya, na zaka ɗaukar yarinyar ga. Itace na can jibge tun rani, har gara ta fara ci. Na sayi kanwa, na aro babbar tukunya. Mutane na tambaya ko hushi anka yi da mu."

"Wane irin hushi," in ji Gwaggo. "Aiki ne ya riƙe ta."

"Haka munka ji. A kawo aikin mu gani."

Ni da Gwaggo muka kinkimo shi. Da aka shimfiɗa, ya cinye tabarmi biyu ya haura bisa ƙasa. Inna ta dube shi daga wannan gefe zuwa wancan, fuskarta ba ta nuna komai ba.

"Ango da amarya da ƴan rakiya," in ji Gwaggo, "duk su shige, a rufe, har da mai kiɗa."

"Mi ya rage?" Inna ta tambayi Gwaggo.

Gwaggo ta dube ni. Na ce, "Baya na gefe biyu, da kalmasa."

"A ba ni allura. In munka sa hannu mu uku, gobe an gama. Jibi akwai mota."

Ban taɓa zama kusa da ita na tsawon lokaci kamar ranar ba. Tana gefe ɗaya, ina gefe ɗaya, bargon tsakaninmu. Ɗinkinta manya ne, na mai facin buhun hatsi, amma da sauri, allurarta ba ta tsayawa. Ina kallon gefenta yana ƙarewa kamar yadda ake kallon ruwa yana ƙarewa a randa. Ni kuwa in zare ya fita daga allura sai in daɗe ban mayar ba.

Da la'asar maigidana ya dawo. Da ya hango ta ya cire takalmi tun daga zaure, ya tsuguna nesa yana gaisuwa, kansa a ƙasa. Inna ta ja mayafi ta rufe rabin fuska ta juya gefe tana amsawa. Bai ko wanke ƙurar ba ya fice, bai dawo ba sai da ya tabbata ta shiga ɗakin Gwaggo.

Washegari tun da hantsi muka koma. Kafin azahar baya ya gamu, saura kalmasa. Inna ta ce a kifa shi don ta naɗe bakin daidai. Da aka kifa, ta sa tafin hannu tana lallashe shi daga gefe zuwa tsakiya, tana korar tattara. Sai hannunta ya ci karo da tudun tsohuwar kalmasa. Ta bi shi da yatsa, ya tafi miƙe har kusurwa, ya karya, ya zagaye bargon duka. Ta matsa ciki, ta sake samun wani. Ta matsa, ga wani. A can tsakiya ta tarar da na farkon, mai ƙananan ɗinki, wanda ya zagaye ɗan wurin da bai fi shimfiɗar jariri ba. Ta daɗe da yatsanta a kansa.

"Hajiya," ta ce, "abin ga an gama shi tun tuni. Ba sau guda ba."

Gwaggo ta sunkuya tana neman wani abu a aljihun kekenta.

Ban ɗaga kai ba. Ina ƙoƙarin zura zare a allura. Tun ɗazu hasken rumfar ke raguwa, na san abin da ke gabas ba sai na duba ba. Aka yi tsawa can nesa, doguwa, irin mai birgima. Zaren ya wuce ramin allurar, ya sake wucewa, sai allurar ta faɗi bisa bargon. Na sa hannu in ɗauka, yatsun suka ƙi haɗuwa. Na danne hannun da ɗayan, shi ma rawa yake yi. Na cusa su duka ƙarƙashin bargon, bargon ya ɗauki rawar.

Da na ɗago, Inna tana kallona. Ba bango ba, ba keke ba, ni. Ban san fuskarta ta tsufa haka ba sai ranar.

Iska ta iso da yayyafi. Muka ja bargon mu uku zuwa ɗakin Gwaggo, da ƙyar ya shiga ƙofa. Ruwan ya sauko da ƙarfi bisa kwano har ba a jin magana, muka zauna cikin duhun ɗakin kowa da gefensa a cinya. Ina tunanin ƙoramar, yadda take fara kawowa siririya kamar an zubar da ruwan wanki, kafin ka juya ta cika. Na san Inna ma can take.

Da ƙarar ta ragu, Inna ta yi magana, fuskarta wajen ƙofa.

"Bara war haka, ɗiyar wana ta rasu bakin ruwa. Ni ke riƙe da ƙafafunta. Sun yi sanyi a hannuna tun ruwan bai fara janyewa ba. Yarinyar ga tana ta yi mata magana a ka, ni ban ce ta bari ba."

"Allah ya jiƙanta," in ji Gwaggo.

"Amin."

Ruwa na ɗiga daga indararo cikin bokiti. Inna ta jawo bakin bargon, wanda ya rage a naɗe, ta miƙe shi tsakanin hannuwanta ta karkata kai tana dubawa.

"Akwai sauran ƙyallaye?"

"Buhu guda," in ji Gwaggo.

"Gefen ga ya karkace. Ba a kai abu karkatacce gida a yi muna dariya. Sai an ƙara layi." Ta ajiye shi. "Ɗakin ga naki, Hajiya, yana ɗaukar tabarma biyu?"

"Har uku, in ba mai minshari."

"Ni dai ban yi."

"Haka kowa ke cewa."

Gefen bai karkace ba. Shi ne ma wanda ita ta ɗinka. Na so in yi godiya, amma babu hanyar da zan bi in yi mata, sai na miƙa wa Gwaggo kwalin sukarin, Gwaggo ta miƙa mata.

Abin bai zo mata da sauƙi ba. Uwa ba ta zama a gidan da surukinta ke kwana, ko da ɗaki daban ne. Ta aika wa Baba saƙo, amsar da ta dawo gajera ce: ya ji. Matan kasuwa suka kawo sauran, ba tare da an tambaye su ba. Wai ƴar lakwal ta raina ɗakin uwarta. Wai uwar ta bi ta birni tana cin tuwon suruki. Ba ta ci ba. Ta sa an aiko mata geronta, tana dafa nata a murhun Gwaggo, in na kai mata miya ta ce wa Gwaggo a mayar, ta ƙoshi. Gonarta ta wake kuwa ciyawa ta cinye. Maigidana ya koma shiga gidan kamar ɓarawo, takalmi a hannu.

Ranar wata kasuwa motar garinmu ta tsaya a ƙofar gida. A samanta an ɗaure babbar tukunyar wanka, baƙa ƙirin, da dammunan itacen da gara ta fara ci. Maƙwabta suka fito kallo. Inna ta tsaya tana nuna inda za a jibge su a bayan rumfa, ba ta dubi kowa ba.

Muka ci gaba da ɗinki, amma yanzu ba mai sauri. Takan yi ƴan ɗinki kaɗan ta ajiye, ta ce wa Gwaggo a gaya wa mutane su ɗora ƙafafunsu bisa matashi, kumburin ya yi yawa. In ɗora.

Naƙuda ta zo da rana tsaka, babu ko gajimare. Da ƙafa muka tafi, ina tsayawa ina dafa Gwaggo, Inna na biye da mu da ƙullin zannuwa a ka. Na sha wuya, ba zan iya ba da labarinta dalla-dalla ba, abin da na riƙe kawai fitilar da ke sama da muryar malamar tana cewa in ƙara. Mace na haifa, lafiya lau. Matan garinmu da suka zo suna sun ce irin wannan haihuwa ai da a ɗakin Inna ma lafiya za a yi ta, kuma mai yiwuwa gaskiyarsu. Baba ya zo ya yi addu'a ya koma a ranar. Matar kawuna ba ta zo ba, ba ta kuma aiko ba. Har yanzu ban san yadda zan shiga gidanta ba in na je.

Inna ta yi mini wankan jego a bayan rumfar Gwaggo, safe da yamma, da ganye da ruwan da ke tafasa a tukunyar nan, tana faɗa wa katanga cewa wasu mutane ba su da jimiri. Da na yi arba'in ta ɗaure kayanta. Damina ta wuce, ƙoramar ta koma yashi. Tukunyar ta hau saman mota ta bi ta.

Bargon ya yi nauyin da ba mai iya rufa da shi. Ninka shi muke yi huɗu a ƙasa, ni da jaririyar mu kwanta a kai. Layin ƙarshe bai kai kusurwa ba, bakinsa a buɗe yake, gidan sauron yana leƙowa. Gwaggo ta ce in kawo ta bi shi da keke, aikin ɗan lokaci ne. Na ce to, ban kai ba. Allurar Inna tana nan soke inda ta tsaya, da guntun baƙin zare a jikinta. Na dai tura bakinta ciki sosai, don kada ta soki yarinyar.